Bulon Da Na Jibge A Gonar Baba

Tun ina yaro na san abu ɗaya game da hukuma da gona. Idan ka ga farar mota ta tsaya a bakin gonarka, mutum ya fito da takarda a hannu yana kallon nesa, to ka fara sallama da dawarka. Haka aka yi wa gonar mahaifina a bakin garinmu. Cewa suka yi dubawa kawai suka zo yi. Har fura muka dama musu. Damina biyu bayan nan wurin ya zama layin shaguna, kuma daidai inda ɗorawar da nake barcin rana a gindinta take, wani ne yake facin taya. Da wannan karatun na hau jirgi, da shi na sauka a Greensboro ta Amurka, kuma shekara ashirin da na yi ina tuƙa motar kai kaya a garin nan ba su goge mini ko wasali ɗaya daga ciki ba.

A kudancin gari, wajen Pleasant Garden, akwai wani tsohon Bature mai gona da muke kira Baba. A wurinsa muke sayen ragon layya, a bayan rumbun ciyawarsa muke yankawa, ba mai leƙowa ta taga ya kira 'yan sanda. Gaban gonar makiyaya ce, bayanta kuma daji ne mai dogayen itatuwa, irin wanda idan ka shiga da hula sai ta faɗi kafin ka ga ƙarshen bishiya ɗaya. Wata shekara ya ga ina murza ƙasar wurin a hannu ina shinshinawa, sai ya nuna mini wani ɗan yanki kusa da rafi ya ce in shuka abin da na ga dama. Na shuka yakuwa da kuɓewa da rama. Yakuwar nan, ban yi ƙarya ba, sai da jiragen sama suka fara kauce mata. Matata ta cika firiza biyu, kuma babu gidan Bahaushe a garin nan da bai sha miyar gonata ba. A duk faɗin Amurka, nan ne kaɗai wurin da nake cire takalmi in taka ƙasa.

To amma gidaje suna tahowa. Ranar Litinin ka wuce daji, ranar Juma'a ka tarar da katafila ta share shi, wani mutum har ya fito da gajeren wando yana wanke mota a ƙofar gareji. Gidajen duk kamarsu ɗaya, na tabbata akwai magidantan da suka shekara a gidan maƙwabci ba su sani ba. Akwatin wasiƙun Baba kullum cike yake da katunan masu son sayen fili, shi kuma da su yake kunna murhu.

Wata Asabar ina tsugune ina cire ciyawa, sai ga farar akori-kura da tambarin ƙaramar hukuma a ƙofarta. Wata mata ta fito da takalmin ruwa da kwamfutar hannu, ta tsaya tana kallon nesa. Gabana ya faɗi har sai da na ji ƙararsa a cikin rafi. Na laɓe a bayan kuɓewa ina kallo. Suka zaga makiyaya ita da Baba, suka shiga daji, suka fito suna dariya. Dariyar ce ta fi tayar mini da hankali, don mutanen da suka sha furarmu ma haƙoransu a waje suke. Daga ƙarshe ta shimfiɗa takarda a kan motar, Baba ya gyara tabarau ya sa hannu.

Tana tafiya na fito da gudu.

"Baba, me ka sa wa hannu?"

Ya ce wani shiri ne na ƙaramar hukuma, wanda ya ga dama ya shiga. Manomi zai yi alkawarin shekara goma ƙasarsa za ta zauna gona da daji, ba zai yanka ta filoti-filoti ba. Su kuma za su kafa masa allo a bakin hanya, su sanar da duk wanda zai sayi gida kusa cewa nan fa akwai warin taki da carar zakara, kada ya zo yana ƙara daga baya. In ma wata rana hukuma ta so ratsa titi ta ciki, sai an tara jama'a an saurare shi tukuna.

Na ce, "Su kuma me za su karɓa?"

"Ba komai."

"Ba komai?"

"Ba komai. Litinin ta sama za ta dawo da manoma biyu 'yan kwamiti su duba wurin, in sun gamsu shi ke nan."

Na dubi tsohon nan, tausayinsa ya kama ni. Shekara kusan tamanin a duniya, bai san cewa "dubawa" ita ce kalmar farko ba. Hukumar da za ta tako har gida, ta roƙe ka ka riƙe gonarka, ta ba ka allo kyauta? Ai ni a take na gane lissafin. So suke ya rubuta da hannunsa cewa babu gini a wurin kuma ba shi da niyyar yi, ranar da za su zo ɗauka su ce ai fili ne fetal.

Bayan sallar Juma'a na ja Alhaji gefe. Alhaji dattijo ne ɗan Nijar, yana da babbar motar ɗaukar kaya da yake kira kamyo, kuma an taɓa cinye masa fili biyu a gida, don haka a harkar nan shehi ne. Na zayyana masa komai. Ya cire hula ya mayar.

"Bon. Ta zo da farar mota?"

"Fara sol, Alhaji."

"Ta yi dariya?"

"Har da riƙe ciki."

"To an gama. Mutanen meri, wato hukumar gari, ko'ina halinsu ɗaya. Malam, ka san maganin. A zuba bulo."

Na san maganin kuwa. A wajenmu, idan kana tsoron a taɓa maka fili, ba lauya kake nema ba. Tifar yashi kake kira, ka jibge bulo, ka ja igiya kamar gobe za a haƙa fandisho, ka sami jan fenti ka rubuta gargaɗi. Ko shekara talatin za ka yi ba ka ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya ba, kowa ya gani ya san wurin da mai shi, kuma mai shi ba barci yake ba.

Da na faɗa wa matata, ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ka tambayi mai gonar?"

Na ce, "Hajiya, in na tambaye shi hanawa zai yi. Mutumin kirki ne, bai san duniya ba."

"Shi da aka haifa a gonar bai san duniya ba, sai kai da ka zo da akwati ɗaya?"

"Akwati biyu ne."

"Allah ya kiyaye hanya. In an kama ku, kada ka ba su lambata."

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da muka san Baba yana coci, muka shiga ta hanyar baya da kamyon Alhaji. Muka zaɓi bakin daji, wurin da ba a hangowa daga gidan. Muka sauke bulo har bayana ya fara kiran sunayen kakannina. Muka juye yashi, muka ajiye buhun siminti biyu a kai don ado. Alhaji ya kafa turaku huɗu ya ja igiya, ya fitar da ɗaki uku da falo, har ya tsaya yana gardama da ni a kan inda banɗaki zai kasance. Ni kuma na sami falankin katako na rubuta da jan fenti, da Turancina mai kyau, cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne, a yi hattara. Muka ja da baya muka kalli aikinmu. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Kamar a gida.

Litinin na ɗauki hutu a wurin aiki, na saka babbar riga, na je a matsayin shaida. Matar ta zo da manoma biyu, ɗaya dogo ɗaya mai tumbi. Baba ya gabatar da ni a matsayin abokinsa mai shuka ganyen da awaki ke so. Muka zaga makiyaya lafiya, ina biye ina ƙunshe dariya, ina jiran in ga yadda fuskar hukuma za ta yi idan ta tarar an riga ta.

Muka sha kwanar daji. Kowa ya tsaya cak. 

Matar ta dubi igiya, ta dubi bulo, ta karanta allona sau biyu. Sannan ta juya wurin Baba a hankali.

"Ba ka gaya mana za ka fara gini a nan ba."

Dogon manomin ya ce in dai filoti ake shirin fitarwa a bakin dajin, gara a ajiye takardar tukuna, kada a ɓata wa juna lokaci. Matar ta rufe kwamfutarta.

A nan ne lissafina ya fara warwarewa. Na zaci za su ji tsoro. Ba tsoro a fuskarsu, sai irin kallon da ake yi wa mutumin da ya yi alkawari da safe ya karya kafin azahar. Baba kuwa ya yi ja har kunnuwa. Ya laluba aljihu ya ciro waya. Yana da ɗa guda a wani gari, wanda ya daɗe yana ce masa ya sayar ya huta.

"Yaron nan ne," in ji shi. "Ya haɗa baki da masu sayen fili ta bayana. Yau zan gaya masa kada ya sake taka gonar nan."

Ya fara danna lamba. Ni kuma babbar rigata ta zama kamar bargo a tsakiyar bazara. In na yi shiru, uba zai sallama ɗansa a kan bulona. In na yi magana, yakuwata ta tafi.

Na ce, "Baba, kashe wayar. Ni ne."

Duk suka juyo. Na yi bayani, Turancina yana zubewa ta ko'ina. Na faɗi gonar mahaifina, da furar, da mai facin taya. Na ce a wajenmu haka ake tsare fili, kuma na yi ne don kada a ƙwace masa. Mai tumbin ya fara dariya har sai da ya dafa tarin bulon. Matar ba ta yi dariya ba, ta tambaye ni ko an ba mahaifina wata gonar. Na ce an ba shi haƙuri. Ta buɗe kwamfutarta ta ce in an kwashe kayan za ta dawo ta gani da idonta.

Baba ya jira har suka tafi. Sannan ya dube ni daga hula har takalmi.

"Gonar wa ce?"

"Taka ce, Baba."

"Na ɗauka ka manta. Kafin Laraba kada in ga ko ɓarɓashi. In na gani, zan buɗe wa awaki ganyenka."

Na kira Alhaji. Wayarsa, wadda ko a cikin sallah ba ta yin shiru, ranar a kashe take. Da na same shi da yamma ya ce kamyo ba shi da lafiya, shi ma haka. Da ƙaramar motata na kwashe bulon nan, sawu bayan sawu, har ta koma tafiya kamar agwagwa. Suna nan jibge a bayan gidana, Hajiya ta ɗora tukwanen tumatir a kai, kuma duk baƙon da ya zo sai ta kai shi ya ga gidan da mijinta ya gina a Amurka. Yashin na bari a gefen rumbu da buhunan simintin, don Baba ya ɗaga mini hannu alamar in bar su.

Sati uku bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya gyaɗa wa akuyar da ke kusa da ni kai. Ina zuwa ina ban ruwa kamar ɓarawo, kullum ina duba ko an buɗe shingen. Ba a buɗe ba.

Asabar ta huɗu na tarar da shi a bakin hanya da shebur da bokiti, ga sabon allo kwance a ciyawa da hoton gona a jiki. Ya haƙa rami, ya kwaɓa simintina da yashina.

"Zo ka riƙe," in ji shi. "Tunda ka iya kafa allo."

Na riƙe ƙarfen yana zuba kwaɓin. Na ce ya ba ni takardar in karanta, ya ba ni. Na bi ta layi-layi ina neman inda suka ɓoye tarkon. Ban samu ba, kuma wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Abin da na samu shi ne, mai gona yana iya fita daga shirin duk ranar da ya so, da wasiƙa ɗaya. Wato duk katangar da ke tsakanin yakuwata da katafila, ran tsoho ne guda da ra'ayinsa.

Tun daga ranar na rage sa wa farar mota ido, na koma sa wa Baba. In ya yi tari sau biyu, kafin ya yi na uku na kawo masa zoɓo da citta. Na hana shi hawa tsani. Da ɗan ya zo hutu, na cika masa but ɗin mota da kuɓewa, na koya wa matarsa miyar yakuwa da gyaɗa, ina kallon idonsa ko zai kalli daji irin kallon nesan nan. Ya kalla sau ɗaya. Na rubuta a raina.

Kuma duk Asabar, kafin in cire takalmi, sai na tsaya a bakin hanya na kama ƙarfen allon na girgiza. Makon jiya Baba ya hango ni daga baranda.

"Har yanzu ba ka yarda ba?"

Na ce, "Na yarda da simintin, Baba. Ni na saya."