Tukunyar da Ta Fi Ƙofa Faɗi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ranar Talata, 12 ga Maris, 2002, ina cikin layin manyan motoci a Apapa, ba gaba ba baya, aka aiko mini cewa Malam Sadisu Mai Turare na Agege ya cika bayan azahar. Kafin in sami wanda zan bar wa mota in kama danfo, motar hayar Legas, har an kai shi makwancinsa. Ko sallarka ban samu ba, Malam, kuma abin yana ci mini rai.

Garinmu ɗaya da kai, Kazaure. Ni direba ne, kullum ina kan hanyar gida, kai kuwa tun da ka shigo Legas da ƙuruciyarka ba ka sake ganin Arewa ba. Duk wanda ya san ɗakinka ya san dalili. A tsakiyarsa aka girke wata ƙatuwar tukunyar tagulla mai dogon wuya. Kana zuba ƙajiji da sandal da ruwa, ka hura wuta a hankali, tururi ya bi bututu ta cikin randar ruwan sanyi, turare ya riƙa ɗiga a kwalba. Kai kaɗai na taɓa ji yana kiranta ambiƙi. Ka ce suna ne na mutanen da, masu neman mayar da tagulla zinariya, wanda Turawa ma suka ara har suka manta da shi. Mu dai Tukunyar Malam muke ce mata.

Maigidanka da ya koya maka sana'ar, Alhaji Harouna, mutumin Damagaram, shi ya yi kuskuren da ya ɗaure ka. Sai da ya girke tukunyar sannan ya tayar da bangon ɗakin, ya bar ƙofar da ba za ta fita ta nan ba. Da zai rasu ya ba ka amanarta, ya ce kada ta kwana da sanyi, domin tagulla in ta huce ta daɗe, kore take yi ta ɓata turare. Tsohuwar da ke da gidan kuwa ta rantse ba mai fasa mata bango. Ka riƙe maganar mamaci kamar farilla.

Alherinka ba ya ɓoyuwa. Ba a yi mutuwa a unguwar nan ba tare da an ga kwalbarka a kan likkafani ba, kuma ba ka taɓa bari a tambaye ka ba. Ranar Juma'a mahautan Oko-Oba kan biyo ta ƙofarka da ƙarnin jini a jikinsu, ka shafa wa kowa a wuyan riga, kana tsokanarsu cewa mala'iku ma suna da hanci. Lokacin rikicin da ya sa mutane gudu, ka buɗe ɗakin ga maƙwabciyarka Caroline, mutumiyar Kafanchan, da 'ya'yanta, kuka zauna a gefen murhu har ƙura ta lafa.

Amma ni na yi fushi da kai, kuma ba zan ɓoye ba don ka mutu. Duk tafiyar da zan yi sai na biyo na ce ga wuri a gaban mota. Amsarka ɗaya ce: bari ka sauke wannan girkin. Kafin ya sauka ka jiƙa na gaba. Mahaifiyarka ta rasu, ni na kai gaisuwarka. Gidanku ya zube da damina, ni na zo maka da labari, kana gyara itace ba ka ko ɗago ba. Na taɓa ce maka a ɗauko mai walda ya yanka tukunyar gida biyu, ka daina yi mini magana har watan ya fita. Ga hayaƙi yana cin ƙirjinka, tari ya hana ka jan limanci a masallacin layinku, matarka Umaima tana kuka a ɓoye don ita ma tana da uwa a gida.

Bayan babbar sallar nan na same ka kwance, ka rame, ka kama hannuna.

"Gambo, ni kam na makara. Ka kai mini Umaima da Bilkisu gida. Kada su zauna a ɗakin nan."

Na ce maka na ɗauka.

Da aka yi sadakar bakwai na je na faɗa wa Umaima wasiyyarka. Ta ce takaba a ɗakin miji ake yinta, ba inda za ta sai ta fita. Na ce gaskiya ne, zan jira. Sai na ji ɗumi yana dukan ƙafata. Na duba, ga wuta tana ci a ƙarƙashin tukunyar, ga 'yarku Bilkisu tana canza ruwan randa, tana yi wa uwarta magana da Yarabanci.

"Yaya Gambo," in ji Umaima, "ka ga ya riƙe ta har ya mutu. In na bari ta huce a cikin takabarsa, da wane ido zan dube shi?"

Ka ba ni amana, Malam, ita ma ta ɗauki wadda ba ka ba ta ba, kuma ban san wadda za ta rinjaya ba. Jibi zan tashi Kano, wurin nan na gaban mota babu kowa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka fiye da ɗakin da ka zauna, Ya sa ƙanshin Aljanna ne ya tarye ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umaima da Bilkisu, da 'yan uwa na Kazaure da suka yi ta jiran ka, da jama'ar Agege baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya buɗe wa iyalinka hanyar gida, ni kuma Ya ba ni ikon sauke abin da na ɗauka. Amin.

Gambo Direba, Agege