Mu Tona Mu Gani

Bana, da ruwan farko ya sauka a Gidan Amumune, gari duk ya fita shuka. Ina ɗaure irin hatsi a bayan babur, sai ɗiyata ta ce, "Baba, wai ruwan ga har ina ya shiga cikin ƙasa?"

Na tsaya cak, don kakana marigayi kaɗai na sani da irin wannan tambaya.

Ina yaro, wata safiya bayan ruwa, ya tsuguna a gona yana taunar goro, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina. Ya ce, "Kai abokina, in ƙasa ta sha ruwa, ina take kai shi?" Na ce akwai wani gulbi can ƙasa inda tururuwa ke wanka. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "To, mu tona mu gani." Muka sa hannu cikin rairayi mai sanyi har gwiwar hannu, sannan ya yarda aka yi shuka.

Na ɗauki yarinyar muka tafi gona muka tona. Laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinta busasshen rairayi ne. Na mai da irin cikin rumbu, ga shi ba mu da wani. Ruwa ya ɗauke, ni kuma barci ya ƙaurace mini, har ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi muka shuka. Yanzu hatsinmu ya kai ƙugu.

Allah ya jiƙan tsoho, ya sanyaya makwancinsa kamar ƙasar da muka tona tare.