Fikafikan da Khaemba Ya Gyara

Yeremiya Khaemba kafinta ne a garin Kimilili, tare muka yi makarantar mishan. Can aka koya masa cewa aikin da jikoki ba za su gada ba, ba aiki ba ne. Bencin da ya yi wa cocinmu sai an taru ake ɗaga shi.

Barasa makanike, mijin ƙanwarsa Naliaka, ya haɗa jirgin sama da falanki da injin tsohuwar mota. Ya tashi kuwa, ya kai tsayin bishiyar turare, sannan ya faɗo cikin gonar masara. Fiffiken hagu ya karye, ƙafar Barasa ma haka. Yana kwance yana zargin mai sayar da gam da maƙwabcin da ya yi dariya, yana rantsuwa sai ya sake tashi. Naliaka ta yi kuka har ta gaji.

Khaemba, wanda a da ko kallon jirgin ba ya yi, ya karɓi gyaran ba gardama. Abin ya tsaya wa Barasa a rai. Kullum sai ya ɗingisa zuwa shagon Khaemba.

"Suruki, me ya sa kake rufe ƙofa in kana aiki?"

"Gam ba ya shiri da ƙura. Da surutu."

"Jiya Naliaka ta kawo maka kunu, ta daɗe. Me kuka ƙulla?"

"Rabon gadonka. Mun rasa mai son sandar nan taka."

Khaemba ya sake fikafikan duka biyu, wai don su zo daidai. Ya lulluɓe su da zane, ya shafa fenti kafin kowa ya ga cikinsu.

Ranar gwaji muka cika filin ƙwallo. Jirgin ya yi ruri, ya sheƙa a guje, wutsiya ta ɗaga, amma tayoyi suka ƙi rabuwa da ƙasa. Haka ya yi ta kai da komo har mai ya ƙare. Barasa ya sauko, ya farke zanen da wuƙa. Katakon da ke ciki na zaitun ne daga dutsen Elgon, mai nauyin gaske, irin wanda ake ginshiƙi da shi.

"Cewa ka yi kada ya sake karyewa," in ji Khaemba. "Ya karye?"

Barasa ya tsufa, ya rasu a kan gadonsa, bai ƙara cin abincin gidan Khaemba ba. Ko da gangan Khaemba ya sa katako mai nauyin nan, ban sani ba. Na dai lura ranar gwajin Naliaka ba ta zo filin ba. Kasuwa ta tafi sayar da ayaba, hankalinta kwance.