Inda Maiwada Zai Kwana a Al-Ula

Maiwada mutum ne da ko a masallaci ba ya iya zama wuri ɗaya. In liman ya tsawaita huɗuba za ka ga ƙafarsa tana rawa, yana gyara hula, yana leƙen agogo kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ɗaki ɗaya muke haya da shi a unguwar Gubaira da ke Riyad, a saman wani shagon walda. Ni Zayyanu, gyaran firji nake yi, shi kuwa direba ne. Bazazzagi ne ɗan Maƙarfi, ni Bakano, don haka rana ba ta fitowa ta faɗi ban tsokane shi ba. Ya girme ni da kaɗan, amma furfura ta riga ta cinye masa gemu.

Tun yana saurayi yake kan titi. Da karen mota ya fara, ya ɗauki rake zuwa Kano, ya ɗauki albasa zuwa Kudu, har wani dillali ya samo masa biza ya zo Riyad. Matarsa Hansai da yara suna can gida. Kamfanin da yake wa aiki kayan lambu suke saye a kasuwar Aziziya suna rarraba wa otal-otal, shi kuma ya yi shekaru yana kewaya unguwar Murabba da tumatir da latas, yana zagin cunkoson motoci da Hausa tunda ba mai jin sa. Abin da Maiwada yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne, bai taɓa cin abinci da wata sana'a ba sai sitiyari.

Ran nan ya dawo bakinsa har kunne. Mudir, wato manajansu, wani Bamisire mai saurin fushi, ya ba shi sabuwar mota mai firji da doguwar hanya. Duk mako zai kai kaya wani sabon otal a arewa maso yamma, ta Ƙasim, ta Ha'il, tafiyar yini cur. Na ce masa Allah ya sanya alheri, yanzu na huta da safa da marwarsa a ɗaki. Na tambaye shi sunan garin, ya ce Al-Ula.

Na ce, "Wajen Mada'in Salihu ke nan. Garin Samudawa."

Maiwada ya ajiye cokalin da ke hannunsa. Ashe bai san wurin ɗaya ba ne.

Tun yana yaro a Maƙarfi, wani tsohon malami da ke tafsiri a ƙofar gidansu da azumi ya dasa masa tsoron wurin. Mutanen da suka sassaƙa gidaje a cikin duwatsu, suka soke taguwar Annabi Salihu, tsawa ta halaka su. Malamin ya ce da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bi ta wurin, sauri ya yi ya wuce, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinsu. Yaran unguwa sun ji sun manta. Maiwada ya riƙe abinsa har ya yi furfura.

Matsalar ita ce dokar kamfani. Direban da ya yi wannan tafiya dole ya kwana kafin ya juyo, kuma akwai na'ura a motar da ke gaya wa ofis inda ta tsaya da tsawon tsayuwarta. Otal ɗin ma ya ba da gado a masaukin ma'aikata, da bargo, da ruwan zafi. Maiwada ya ce ko da kuɗi aka haɗa masa ba zai ɗora haƙarƙarinsa a ƙasar da aka saukar wa azaba ba. Tafiyar farko ya sauke kaya ya juyo ko zama bai yi ba. Kafin Ha'il gyangyaɗi ya ɗebe shi, Allah ya kiyaye, yashi motar ta shiga ba wata motar ba. Mudir ya kira shi ofis ya nuna masa allon kwamfuta.

"Ya Maiwada, ka sake yi mini haka, kalas. In karɓi makulli, in buga maka huruj, bizar fita, ka koma ƙasarku."

Daga nan na daina samun barci ni ma. Mutumin nan ya mai da ɗakinmu majalisar fatawa. Ya je wajen limamin masallacin unguwa, liman ya ce malamai sun yi saɓani, amma hanin a kan kufan Samudawa ne da rijiyoyinsa, garin Al-Ula kuwa Musulmi ne a ciki tun zamanin da, da masallatansu da maƙabartarsu. Maiwada ya ce to ina iyakar kufan take? Liman ya ce Allah ne mafi sani. Ya je wajen Dakta Luqman, ɗan garinsu da ke aiki a wani asibiti a nan, shi kuma ya zaro waya ya shiga nuna masa hotunan iyalinsa a gaban ƙofofin dutsen, suna murmushi. Maiwada ya kawar da kai ya yi sallama ya fito.

Na ce masa, "Kai Bazazzagi, wanda ya fi ka karatu ya ce ka kwana. Me kake nema kuma?"

Ya ce, "Bakano, in an zo tambaya, liman za a tambaya ko ni?"

Haushi ya kama ni, don na san ba taurin kai ba ne, tsoro ne na gaske, kuma ba ni da maganinsa. Ya gwada kwana a gidan mai, masu gidan man suka ce ba a ajiye babbar mota. Ya gwada gefen titi, 'yan sanda suka tashe shi. Ya yi tunanin wucewa can gaba sosai, mudir ya ce tuƙin ya yi yawa, na'ura za ta tona shi. Ya sayi jarka yana cika ta da ruwan Riyad, da shi yake alwala da sha in ya shiga garin. Ya rame, idanunsa suka faɗa. In Hansai ta kira sai ya ce mata sanyi ne.

Sai wata Laraba ya shigo yana waƙa. Ya ce Allah ya yanke masa wahala. Ya baro garin, ya hau hanyar Ha'il, ya yi tafiya har fitilun gari suka ɓace, ya ratse wata 'yar hanya don ya yi magariba. Yana shimfiɗa darduma ya ji an ce daga bayan shinge, "Bawan Allah, wannan hula ai ta gida ce."

Baba Salissou ke nan, mutumin Damagaram, mai kula da wata gonar dabino da lemo. Ya fi shekara talatin a wurin. Mai gonar yana Madina, sai lokacin tsinka yake leƙowa. Tsohon ba ya samun wanda zai yi Hausa da shi sai in ya kira gida, su ma na gidan yawancin waɗanda ya sani sun rasu. Ya buɗe wa Maiwada ƙofar gona ya shigar da mota, ya ba shi katifa a ɗakinsa, ya dafa masa shayi mai kauri irin nasu.

Na tambayi Maiwada, "Ka gaya masa abin da ya hana ka kwana a gari?"

Ya ce, "Haba, ya zan ce wa dattijo ƙasar da ya tsufa a kusa da ita abin gudu ce? Ce masa na yi masaukin otal hayaniya."

Watannin da suka biyo baya ban taɓa ganin Maiwada haka ba. Ya yi kumatu. Kafin kowace tafiya zai bi shagunan 'yan gida ya sayo goro da kuka da daddawa, ya ce Baba ya yi marmarin tuwo. Kullum bayan faɗuwar rana yake isa gonar, ya yi asuba ya kama hanya gari bai waye ba. Jarkarsa kuwa a mota yake barin ta, tunda ya baro ƙasar Samudawa, ruwan rijiyar Baba halal ne. Kullum labarin ke nan, Baba ya ce, Baba ya yi, har na fara kishi. Mudir ma ya daina harararsa.

Da sanyi ya shigo sosai, wata asuba motar ta ƙi tashi. Batir ya mutu. Kafin a samo mai ba shi wuta rana ta fito, kuma ranar ce Maiwada ya fara ganin gonar da hasken rana. Baba ya ja shi ya nuna masa lemon da ya fara ja, suka bi layin itatuwa har ƙarshen gona. Can bayan wani shingen waya, ba nisa, ga jajayen duwatsu a tsaye, ga ƙofofi a jikinsu an sassaƙa su tsaf.

"Baba, waɗancan fa?"

"Ai gidajen Samudawa ke nan, ɗana. Maƙwabtana ne, ba su taɓa ara mini ko gishiri ba."

Ashe kufan ba a cikin gari yake ba. Yana arewa da gari, daidai ɓangaren da hanyarsa ta bi. Gadon otal ɗin da ya guda ya fi nisa da wurin nesa ba kusa ba. Maiwada ya gudu daga gari ya zo ya shimfiɗa katifa a bakin ƙofar abin da yake tsoro, ya sha ruwan, ya yi alwala da shi, ya ci tuwon da aka tuƙa da shi. Motar na tashi ya faɗa ciki ya ja. Baba ya biyo shi da kofin shayi a hannu, ko waiwaye bai yi ba.

Da ya ba ni labari dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar. Washegari ya kai wa mudir makulli da kansa, ya roƙi a mai da shi cikin gari. Mudir ya ce babu gurbi. Ya ba wa Uwais, wani Bakatsine abokin aikinsu, motar na ɗan lokaci, ya ce Maiwada ya je ya yi tunani zuwa ƙarshen wata, ko Al-Ula ko jirgi. Kafin nan ya riƙa loda kwali a Aziziya. Na je kasuwar gyaran wani firji na hango shi da kwandon kabeji a kafaɗa, mutumin da ya fi shekara talatin a kan sitiyari. Raina ya ɓaci, na zagaya ta wani layin don kada mu haɗa ido.

A ɗaki kuwa safa da marwa ta dawo. Ya zauna, ya tashi, ya ɗauki waya ya nemo lambar Baba, ya ajiye. Tsohon ya kira ya kira har ya gaji.

Ana saura kamar mako biyu wata ya ƙare, Uwais ya hawo mana da kwali a ka. Ya ce tsohon nan ya tare shi a bakin hanya da ya ga motar, ya ɗauka Maiwada ne. Tsohon ya ce a kawo wa ɗansa Maiwada, lemon farko ne na bana. Maiwada ya tura kwalin ƙarƙashin gado da ƙafa. Ɗaki ya cika da ƙanshin lemo, ni ina haɗiyar yawu, shi ya hana a taɓa ya hana a fitar.

Na gaji na ce, "Malam, ko ka sha, ko ka ba ni, ko ka zubar. Wannan wane irin azabtar da mutane ne?"

Ya ce, "In na sha, ruwan wurin ne ya raine shi. In na zubar, Baba na zubar."

Ranar Litinin da yamma Uwais ya sake leƙowa, gobe zai tafi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Yaya Maiwada, tsohon nan zai tare ni. Wancan makon ma ya tambaye ni ko ka sha, ko ya yi zaƙi. Ya ce in laifi ya yi maka ka yafe masa, shi dai bai san abin da ya yi ba. In ce masa ya yi zaƙi?"

Na yi caraf na ce, "Ce masa kamar zuma."

Maiwada ya ce, "Kada ka yi wa dattijo ƙarya da sunana."

Sannan ya durƙusa ya jawo kwalin. Na sama sun fara laushi. Ya zaɓi ɗaya, ya ɓare da farce a hankali, ya yi bisimilla ya sa a baki. Ya tauna yana kallon bango, ya haɗiye.

Ya miƙa wa Uwais hannu. "Ba ni makullin. Ni zan gaya masa da bakina, ya yi gaggawar tsinka, da sauran tsami."

Na ce, "To a ina za ka kwana?"

Ya sa makullin a aljihu yana neman takalminsa, zai je ya sami mudir kafin a rufe ofis.

"Wa ya ce maka zan iya barci? Zan dai zauna da shi har gari ya waye."