Rijiyar da Baba Ya Haƙa da Ƙafa

Inna, mahaifiyarmu, shekara talatin ta yi tana goge daɓen wani asibiti kafin ta yi ritaya. Mace ce da ba ta duban fuskar baƙo sai ta gama duban ƙafarsa. Babu daɓen da ya tsone mata ido kamar na falonta, domin ranar da aka zuba simintin, Baba ya faɗo a guje neman hularsa, ya dasa ƙafar dama a tsakiyar ɗaki. Siminti ya bushe da sawun, yatsu biyar cif, babban ya karkace gefe kamar yana fushi da 'yan'uwansa.

Tun muna yara, kullum da safe Inna na durƙushe da tsohon buroshin haƙori tana ƙwaƙule ƙasa daga tsakanin yatsun, tana mita: mutum da girmansa, da idonsa biyu, a ce bai ga ɗanyen siminti ba. Baba dai sai ya yi dariya ya fice, don kullum a makare yake.

Bara Baba ya rasu. Ni tela ce, da ɗinki ya ɗan yi albarka sai na ce bari in sa wa Inna tayil ta huta. Sau huɗu na je ofishin ba da izinin gini kafin su ba ni takardar shimfiɗa tayil a falo baki ɗaya. Na kawo ɗan kwangila, muka yi ciniki muka gama.

Da aiki ya iso tsakiyar ɗaki, Inna ta jawo kujera ta zauna a kan sawun, ta ce wanda zai rufe shi sai dai ya haɗa da ita. Wallahi raina ya ɓaci. Na tuna mata shekarun da ta yi tana mita a kan wannan sawu.

"Mitata ce, ba taki ba," in ji ta.

Ɗan kwangila ya yi murmushi ya ce babu matsala. To, duk ranar da ɗan kwangila ya ce miki babu matsala, riƙe jakarki da kyau. Ya kawo kuɗin kewaye sawu. Ya kawo kuɗin yanka tayil, kowane yatsa da farashinsa, babban kuma ninki biyu saboda ya karkace. Har da kuɗin zaman da leburori suka yi lokacin da muke gardama. Ban taɓa jin an biya mutum kuɗin kallon faɗa ba, amma na biya.

Sai ga jami'in duba gini ya zo sa hannu. Ya dubi takarda, ya dubi sawu, ya ce izini na falo baki ɗaya ne, wannan wuri kuwa rami ne, kuma rami a cikin gida a babin rijiya yake. Bawan Allah nan ya ciro igiya mai dutse a baki, ya zura a diddigen Baba, ya rubuta zurfi. Ya tambaya ko ruwa na taruwa a ciki. Inna ba ta iya ƙarya ba, ta ce in ana goge ɗaki yana taruwa. Ya ba mu kwana bakwai: ko mu kawo izinin rijiya, ko su zo su cike ta.

Na ce a cike a huta. Inna ba ta ci abinci ba ranar. Da na matsa mata sai ta nuna min hotunan Baba a bango.

"Duba su duk, a tsaye yake ƙyam. Ubanku kuwa bai taɓa tsayawa ba. Nan kaɗai ya rage min yana sauri."

Kunya ta kama ni. Washegari na koma ofis na karɓi fom ɗin rijiya. Wa ya haƙa? Na rubuta Baba. Da wane kayan aiki? Ƙafa. Mutum nawa ke amfana? Ɗaya. Akawun ya buga hatimi ko dubawa bai yi ba, sai dai ya ce dole a sa murfi da kwado, kada yaro ya faɗa. Ɗan kwangila na jin haka ya sake cewa babu matsala.

Yanzu a tsakiyar falonmu akwai murfin ƙarfe mai faɗin littafi, kowane baƙo sai ya yi tuntuɓe da shi. Makullin yana ƙulle a bakin zanen Inna. Kullum da safe ta buɗe, ta ɗauko buroshi, ta ci gaba da mita daga inda ta tsaya, yanzu har da ƙarin cewa Baba ya jawo mata takardar hukuma.

Jiya na yi sammako na tarar da ita tsaye, ƙafarta a cikin sawun, ko rabi ba ta cika ba. Ba ta mita, ba ta komai. Da ta ji motsina sai ta share ido da gefen mayafi, ta dubi ƙafata, ta ce in cire takalmi kafin in taka mata ɗaki.