Sabitu, Fiyanonka Bai Lalace Ba

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, bayan sallar azahar, Obadiya mai ganga ya kira ni a waya. Ya gaishe ni a gajarce. Sai ya ce, "Baba, Sabitu ya tafi." Na Allah muke, kuma gare Shi dukkanmu muka nufa. Sabitu Hammawa, makaɗin fiyano na unguwar Wunti a Bauchi, ya rasu bayan gajeruwar jinya yana da shekara talatin da takwas. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa.

Ni ba mai yabon mutane ba ne, duk wanda ya san ni a Ƙofar Wambai zai shaida. Na yi karatu lokacin da karatu ke da daraja, na yi aiki a wata ma'aikata da ba zan ɓata tawada wajen rubuta sunanta ba. Aikina shi ne bin ƙauyuka da rikoda ina naɗar kiɗe-kiɗen da ake gudun kada su ɓace. A kan haka ƙuruciyata ta ƙare. Da na yi ritaya aka jibge faya-fayan a wani sito mai yoyo, ruwa ya ci nasa, gara ta cinye saura, kuma babu wanda aka ko yi wa tambaya. Tun daga nan na yanke hukunci cewa a ƙasar nan babu abin da ake adanawa. Kai ne, Sabitu, ka sa na sake duba wannan hukunci.

Bara waccan ka yi sallama a zaurena, ka durƙusa ka ce, "Baba, an ce kai ka naɗi mahaifina." Na tuna shi nan take. Hammawa, makiyayi a Inkil, mai busa sarewar kara. Na naɗe shi a gindin tsamiya a 1983, kuma kaset ɗinsa na cikin 'yan kaɗan da na kwafa na kawo gida. Ya rasu kana rarrafe. Ka ce mini, "Ban san muryarsa ba. Ko numfashinsa ne ina so in ji." Na ba ka kaset ɗin ina gunaguni, don na tabbata ba zan sake ganinsa ba. Washegari ka dawo da babur, ka ce ba za ka kunna shi ba sai a gabana.

A shagonka na Wunti na fara ganin kayan aikinka. Na danna fiyanon, ko ƙis. Na ce, "Wannan wane irin fiyano ne, bebe?" Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Baba, shi hannu ne kawai. Bakin yana cikin kwamfuta." Ka nuna mini yadda waya ɗaya ke tashi daga fiyano ta shiga kwamfuta, inda manhaja ke ajiye da muryoyin kayan kiɗa, sannan sauti ya bi ta wani ɗan akwati ya fita sifika. Idan aka raba su, kowanne ya zama tarkace. A ranar muka juye kaset ɗin cikin kwamfuta. Ya yi tafiya ɗaya da ƙyar, a juyi na biyu zaren ya tsinke ya cukurkuɗe. Daga ranar babu sauran inda sarewar Hammawa take a duniya sai cikin kwamfutarka.

Ka yi watanni kana yanka busar, sauti ɗaya bayan ɗaya, kana ɗora kowanne a kan madanninsa. Manhajar ta nuna maka cewa sautukan sun kauce wa ma'aunin fiyano, kuma da danni ɗaya za ta miƙar da su. Ka ƙi. Ka ce, "Babana bai yi kuskure ba. Fiyanon ne zai koma inda yake." Sai ka karkatar da sauran muryoyin duka suka bi sarewar. Wannan ita ce maganar da na yi ta jayayya da shugabannina a kanta har na gaji na yi shiru. Ban taɓa zaton zan ji ta daga bakin mai kiɗan biki ba.

Na halarci wasannin ƙungiyarku ba sau ɗaya ba, ni da na daina zuwa taron kowa. Na ga yadda kake isa wuri tun masu jera kujeru ba su zo ba. Kana kashe intanet don kada kwamfuta ta tsiri wani aikin ana tsakiyar waƙa. Kana kafa mata ƙaramar fanka kamar jaririya, saboda zafin Bauchi. Kana jera waƙoƙin yini bi da bi, ta yadda taku ɗaya da ƙafa zai kai ka ta gaba ba tare da ka ɗaga hannu ba. Hagunka na riƙe da kalangu da garaya, damanka na sarewa. Babban abokin gabanka shi ne ɗan jinkirin nan tsakanin danna madanni da fitar sauti, wanda ni kunnena ba ya ma kamawa. Kai kuwa sai ka ce mai rawa yana jin sa a ƙafarsa. A wani kamu a Yelwa wuta ta ɗauke da la'asar, janareta ya ƙi tashi, mawaƙiyarku ta tsaya riƙe da makirfo tana zare ido. Ka jona ƙaramar sifika mai batir, ka saki sarewar ita kaɗai. Matan da ke ta surutu suka yi tsit, har wata tsohuwa ta tambayi ina mai busar ya ɓuya.

Ba ka ɓoye sani ba. Kai ka haɗa wa mawaƙan cocin su Obadiya irin wannan tsari, ka ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ka tilasta wa Obadiya, mai gangar ƙungiyarku, ya koyi jona kayan, yana ƙorafin cewa shi ganga ya sani, kana ce masa, "Idan na yi mura fa, a fasa auren mutane?" Matarka Rabi'atu ma ka koya mata. Ni kuwa duk ranar ganin likitana kai ke ɗauka ta, kana sauraron zagin da nake yi wa zamani tun daga gida har asibiti, ba ka taɓa cewa na isa haka ba.

Ranar sadakar uku na tarar da kayanka a zauren gidanku. Yayanka Hammajoda, wanda ya gaji kiwo a Inkil kuma bai taɓa taka wurin kiɗa ba, shi ya kwaso su daga shago. Ya ce mini ya jona fiyanon da wuta, fitila ta kama, ya danna ko'ina bai ji komai ba, don haka ya lalace, ya riga ya yi wa masu sayen gwangwan magana. Kwamfutar kuma da safe zai kai a wanke ta tas, a goge duk abin da ke ciki, a ajiye wa 'yarka Bintu ta yi karatu da ita. Ba mugunta ba ce. Tsoro yake ji kada kiɗan da ka bari ya bi ka kabari. Bai san abin da ke ciki ba, don nauyinsa da kake ji bai bar ka ka gaya masa ba, mahaifiyarku Hajja kuma kana ta jinkirta kai mata, gudun tayar mata da tsohon ciwo.

Nan take na ga siton nan mai yoyo ya sake dawowa. Na ce, "Hammajoda, ka bari ka ji abu ɗaya kafin gobe." Ya ce, "Baba, kiɗa a gidan makoki?" Na ce babu wanda zai ji sai shi. Aka miƙa kwamfutar cikin gida, Rabi'atu ta buɗe ta daga ɗakin takaba aka dawo da ita. Obadiya ya durƙusa ya jona wayoyi, ya sa wa Hammajoda abin sauraro a kunne, ya danna 'yan madannan da kake buɗe wasa da su.

Mu ba mu ji komai ba, fuskar Hammajoda kawai muke kallo. Sannan ya ce, "Wannan ai kiran shanu ne. Da shi mahaifinmu yake tashinsu daga rafi." Ya dube ni ya ce, "Baba, a ina yaron nan ya samo shi?" Bai jira amsa ba, ya miƙe ya shiga ya riƙo hannun Hajja har bakin zaure. Tun rasuwarka babu wanda ya ga hawayenta, ka san halin mutanenku na haɗiye baƙin ciki. Aka sa mata abin sauraron, ta saurara, ba ta ambaci sunan mijinta ba. Ta dai ce, "Ya cika jan numfashi a daidai nan. Har yanzu bai daina ba." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Hammajoda ya ce shi har gobe ba zai je wurin kiɗa ba, amma ba da hannunsa za a goge numfashin mahaifinsa ba. Ya ce kada a raba kayan, ko waya ɗaya kada ta ɓata. Suna hannun Obadiya amana, da yardar Rabi'atu, kuma ƙungiyarku za ta cika alkawuran bukukuwan da ka ɗauka. An kwafi sarewar a wurare dabam-dabam, ɗaya na aljihun rigata. Jiya na zazzage akwatina na fito da sauran kaset ɗin da na hana kowa taɓawa, na kai Wunti da ƙafata. Obadiya ya ce za mu fara juye su ranar Asabar, kuma ba zai kunna ko ɗaya ba sai a gabana.

Allah Ya jiƙan ka, Sabitu. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifin da ka nema ta hanyar numfashinsa, a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja, da Rabi'atu, da Hammajoda, da abokan aikinka na Wunti. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya Bintu, Ya albarkaci bayanka. Mu kuma da muka rage, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam Ɗanlarai,
Ƙofar Wambai, Bauchi.