Taguwar da na zana a bangon lakol

Da hantsin wata Talata a kakar 1964, muna cikin maimaita lissafi bayan malaminmu Mushe Isa, sai muka ji mota ta tsaya a gindin tsamiyar da ke bakin lakol, wato makarantarmu ta boko. Ƙauyenmu yana kudu da Gazawa, rabin yini a ƙasa ya kai mutum iyakar Najeriya, kuma mota ba ta zo mana sai da dalili. Jandarma biyu suka sauko tare da wani mutum mai farar riga daga buron kumandan, ofishin mai mulkin yankinmu. Ba su shigo aji ba, bango suka nufa, suka tsaya suna kallon zanen da muka gama satin da ya wuce. Shekarata tara a lokacin. Ina leƙensu ta taga na ga abin da suke nunawa da sanda ni na zana shi.

Mu huɗu ne kawai mata a ajin. Kafin in tafi lakol sai na kai wa Inna tulu biyu daga rijiya, na surfa gero, na kora awaki bakin gari. In an tashi kuma gona muke wucewa tsinkar gyaɗa, sai da la'asar mu samu sararin carabke a ƙofar gida. Zanen da na sani shi ne na Inna, wadda ke ɗora ƙarfe a wuta ta zane ƙwarya da shi. Mushe Isa, saurayi ne siriri da ya yi karatu a Sanagal, shi ya fara nuna mana wani iri. Yana da wani littafi mai kauri da yake naɗewa cikin tsumma. A ciki akwai mace mai ido biyu a kumatu ɗaya, da doki shuɗi, da garin da gidajensa suka karkace kamar za su faɗo wa mutum. Muka yi ta dariya. Ya bari muka gama, sannan ya ce masu zanen Turai sun daɗe suna kwaikwayon abin da ido ke gani, har suka ci karo da fuskokin itace da masassaƙan ƙasashenmu ke yi, suka koyi karya sura. Da manyan yaƙe-yaƙe suka ragargaza garuruwansu kuwa, sai kyakkyawar fuska ta zame masu kamar ƙarya. Ya ce akwai shugaban da ya sa aka tattara irin waɗannan zane-zane, ya kira su hauka, aka ƙone wasu. "Mai mulki ba ya son zanen da bai gane ba," in ji shi, "don yana zaton shi ake zagi."

Shekarar ba ta da daɗi. Jam'iyyar da ke mulki alamarta giwa, wadda aka haramta kuma alamarta raƙumi, ana kuma raɗe-raɗin mutanenta na shigowa da bindigogi ta kan iyaka. Dattawa suka daina doguwar hira a dandali. Baƙo in ya nemi ruwa, sai a miƙa mashi a ƙofa ba a tambayi sunansa ba. An tafi da wani maɗinki daga ƙauyen gabanmu, matarsa ba ta san inda yake ba. Mu yara muna jin waɗannan sama-sama, ba mu haɗa su da komai ba.

Da Mushe ya ce mu ƙawata bangon aji, muka kwana uku muna niƙa jan ƙasa da gawayi da shuni, muna damawa da ƙaro. Ya ce kowa ya zana abin da yake so, yadda yake jinsa a rai. Wani ya yi rumbu, wata ta yi zakara mai kai biyu. Ni kuwa taguwar Baba na yi, raƙumar da ke kai buhunan gyaɗarmu kasuwa. Na yi ta shuɗiya, ƙafafu dogaye har sun fi rumbun tsawo, wuyanta ya ratsa saman sauran zanen duka. Mushe ya daɗe tsaye a bayana. Ya ce, "Dije, taguwar wa ce?" Na ce ta Baba. Sai ya ce, "To, bar ta."

Ranar Talatar aka fito da mu aka jera a rana. Mai farar riga ya tambayi wanda ya zana raƙumin, da wanda ya ce a ɗora shi bisa kan komai. Na ga idon yara biyu ya juyo wajena. Shuni bai gama fita daga farcena ba, na dunƙule hannu cikin zanen da na ɗaura. Sai Mushe ya tako gaba ya ce shi ne, yara niƙa launi kawai suka yi. Na buɗe baki, ya dube ni sau ɗaya, na rufe. Suka ɗauko littafin nan, suka yi ta juya shi sama da ƙasa suna neman saƙon da ke ɓoye a ciki, suka sa shi mota tare da mai shi. Mu aka ba farar ƙasa muka shafe bangon. Da ya bushe shunin ya sake bayyana, aka sa muka ƙara shafawa.

Da na gaya wa Inna gaskiya ba ta dake ni ba. Ta dama lalle ta ƙunsa mani hannu biyu, ta ce, "Ɗiyata, wannan magana ta mutu nan." Kafin sati Baba ya ƙetara iyaka da taguwar zuwa gidan ƙanensa, ba ta sake dawowa ba.

Na sake ganin Mushe Isa bayan na yi aure, a kasuwar Agiye, yana rubuta wa mutane wasiƙa a gindin bango. Ya rame, haƙoransa na gaba babu. Na durƙusa na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara roƙon gafara. Shi ya riga ni, ya tambaya ko ina zane har yanzu. Na ce tun ranar ban ƙara ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kash. Da na san haka za ki yi, Dije, da zaman kurkukun ya fi yi mani wuya."

Yanzu jikokina na cika littafi da launuka iri-iri, motocin kasuwa duk an zane su da zaki da gaggafa, masu shaguna na sa a yi masu abin da suka ga dama a bango, ba wanda ke zuwa da sanda ya tambayi ma'ana. Nakan zauna kusa da yaran in riƙe masu takarda kada iska ta ɗauka. In suka miƙo mani fensir sai in ce idona ba ya gani sosai. Tsoron ya daɗe da wucewa, amma hannuna bai samu labari ba.